Gwiwar Badaru da Jar Ƙwaya

Ban taɓa sakin jiki da ƙwayoyin nan na kwalba da ake cewa suna wanke tsatsar jiki ba. A ƙasar da na yi karatu kantuna cike suke da su, ana kiransu anti-oksidan, kuma masu lafiya ne suka fi sayensu. Abin da na sani a kansu bai taka kara ya karya ba. Na san an taɓa ɗaure ƙafafun ɓeraye a ɗakin gwaji, aka riƙa ba wasu irin wannan sinadari tun farkon ɗaurin, da aka kwance sai aka ga naman ƙafarsu bai yi tauri kamar na sauran ba. Iyakar abin da zan iya tsayawa a kai ke nan. Ko abin da ya yi wa ɓera zai yi wa mutum, ko zai narkar da naman da ya riga ya sandare, ban ga wanda ya tabbatar ba. Da wannan rabin sani na dawo Illela, na tarar da irin kwalbar a gefen tabarmar Badaru mai igiya.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Badaru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai faɗin kafaɗa da ake gani a kara, kasuwar shanu, ran Lahadi, igiya naɗe a wuya, wando tattare zuwa gwiwa. Ɗan gidan Rundawa ne, mahauta tun kaka da kakanni, kuma mahaifinsa ya so ya riƙe wuƙa kamar kowa a gidan. Ya riƙe ɗin, ya iya fiɗa, ya iya rabon nama, amma ransa na wajen dabba mai numfashi. Tun gemunsa bai fito ba ya sulale daga rumfar nama ya koma cikin masu igiya.

Aikinsu yana farawa ne inda na dillalai ya ƙare. In an gama ciniki an tafa, saura a fitar da sa daga garke, a kai shi tudun lodi, a cusa shi a tirela mai zuwa Kudu. Shanun da ake korowa daga can cikin Nijar, wasu ba su taɓa ganin mota ba, ba su san hannun kowa ba sai na mai kiwonsu. Ɗaya zai jefa igiya a ƙaho, wani ya nemi ƙafar baya. Jifa kowa na iya koya. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne abin da ke biyo baya. Sa zai fizga da ƙarfinsa duka, mai igiya kuma sai ya yi kamar zai zauna a kan kujerar da babu ita, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya kafa dugadugai, ya jefa nauyinsa baya, yana ɗan saki yana ja har dabbar ta gaji ta sallama. Aikin duk a gwiwa yake. Badaru ya shekara da shekaru yana yi, ba a taɓa ganin igiya ta bar hannunsa da sa a bakinta ba.

Mutum ne mara yawan magana. Dillalai suna sonsa don wani hali guda: in aka ce masa riƙe wannan sai na dawo, to ko kasuwa ta watse za a tarar da shi riƙe. Taubashinsa Boyi, wanda ya gaji rumfar nama kuma bakinsa ba ya hutawa, yakan ce da Badaru jaki ne da ba a wahalar sayen turke. Badaru sai ya yi murmushi. Da wannan igiya ya auri Baraka, ya gina ɗaki biyu da zaure, ya ciyar da 'ya'yansa.

A daminar shekarar da aka yi juyin mulki a Nijar, wata Lahadi aka kwana ana ruwa, tudun lodi ya yi santsi. Wani jan sa mai dogon ƙaho ya hau har rabi, ya ga duhun cikin tirela, ya juyo. Ƙafar Badaru ta zame a kashin shanu, san ya matse shi da ƙarfen motar. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar kamar an karya icen girki. Cinyar dama ce ta karye, sama kaɗan da gwiwa. Ko a lokacin igiyar na hannunsa, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Da aka kawo shi gida, a zaure wani ya ambaci asibitin Sakkwato. Ba a bari ya rufe baki ba.

“Su yanke ta su miƙo muna cikin leda?” in ji Boyi. “Gidanmu ba a kai ƙashi asibiti. Maharazu na nan da rai.”

Maharazu tsohon mai ɗori ne a wani ƙauye bayan Ƙonni, tsallaken iyaka, amma ga mutanen Illela wannan ba wata ƙasa ba ce, can ne dai inda ake zuwa biki da ta'aziyya. Shi ya ɗora hannun mahaifin Badaru, uban Maharazu kuma ya ɗora na kakan Badaru. Ya iso da la'asar a amalanken jaki. Ya sa ƙarti suka danne Badaru, ya ja ƙafar har ƙashi ya koma mazauninsa, ya shafa man shanu da wani baƙin gari, ya yi tofi, ya jera sandunan gora tun daga ƙugu har idon sawu, ya naɗe da tsumma da igiya. Sannan ya sa aka kafa turaku a daɓen ɗakin, dama da hagu, aka ɗaure ƙafar a tsakani, miƙe sambal.

“Badaru, ka ji ni da kyau,” in ji tsohon yana wanke hannu. “Daga yau ƙahwag ga ba taka ba ce, ajiyata ce nib bari wurinka. Kak ka motsa ta. Hannun da yaɗ ɗaura, shi ka kwancewa. In wani yat taɓa, babu ruwana.”

“Baba, in ƙuda yas sauka mishi hwa?” in ji Boyi.

“Kai ka kore mishi. Ko kana da aikin da ya hi wanga?”

Aka yi dariya, har Badaru da gumi ke tsatstsafo masa. Ba wanda ya ji maganar tsohon a matsayin sabon abu. Haka ake yi. Ɗaurin mai ɗori nasa ne, shi ya san abin da ya karanta a kai, kuma an yarda cewa in baƙon hannu ya kwance, ƙashin na iya buɗewa.

Lahadin da ta biyo baya Maharazu ya zo, ya sassauta nan, ya tsananta can, ya ce aiki na kyau. Ta gaba ma ya zo. Sai aka rufe iyaka.

Rufewar ba ta hana mutane ƙetarawa ba. Babura na bin gonaki, ana kora su, suna faɗuwa, suna tashi. Amma Maharazu da amalanke yake tafiya, ta kan titi, ta ƙofar da yanzu aka gindaya wa shinge. Hanyoyin gona kuwa gero ya rufe su, inda bai rufe ba ruwa ya kwanta. Boyi ya bi ta daji ya same shi, ya ce ya zo da babur, ya hau su tafi.

“Ni da ka ɗora ƙashin mutane,” in ji tsohon, “ba ni hawa abin da ka karya su. Ka ce mishi shi yi haƙuri. Wanga rihin iyaka ba shi daɗewa.”

Kowa ma haka ya zata. Duk mako ana cewa za a buɗe. Duk mako Baraka na kiran wayar ɗan Maharazu, a kai wa tsohon, ya ce yana nan tafe in Allah ya so, kada dai a taɓa. Ba mugunta yake yi ba. Shi ma jira yake.

Badaru ya kwanta. Abin da aka ce ya yi ke nan, kuma bai taɓa yin aiki rabi ba. A kwance yake salla, a kwance yake ci. Baraka ke kawo tasa ta fitar, ta goge masa jiki, ta sa masa tsumma inda bayansa ya fara salewa. In ƙaiƙayi ya taso a ƙarƙashin ɗaurin sai ya cije haƙora ya kalli azara har ya wuce. Ko yatsun ƙafar ba ya yarda ya motsa. Akwai wani ɗan kabu-kabu a unguwar da ya karye a ƙwauri kusan lokaci ɗaya da shi. Wannan tun ba a je ko'ina ba ya gaji, ya sa reza ya yanke ɗaurinsa, ya fara dogara sanda. Ƙafar ta ɗan karkace, amma kafin gero ya nuna ya koma kan babur. Da aka ba Badaru labari sai ya girgiza kai.

“Rashin haƙuri,” ya ce. “Zai gani.”

Baraka ce ta fara lura cinyar na shanyewa. Ɗaurin da da ko yatsa ba ya shiga, yanzu hannunta na wucewa ta ƙarƙashi. Ta gaya masa. Sai ya ce ta nemo tsummoki ta cusa, kada ƙafar ta sami wurin wasa kafin mai ita ya zo. Ta cusa. Amma hankalinta bai kwanta ba, ta aika aka kira Mukhtari, mai ɗorin cikin gari. Ya zo, ya durƙusa, ya duba da ido, hannuwansa a bayansa.

“Ga dukkan alamu ƙashi ya kama,” ya ce.

“To Malam, ka kwance mishi mana,” in ji Baraka daga bayan labule.

“Ɗaurin Maharazu? Ko igiyar ba ni taɓawa. In ta buɗe, sunan wa za a kira?”

“To ko ka ce mishi shi ɗan riƙa motsa ta.”

“Ba ni da baki ga ƙahwar wani, ɗiyata.”

Ya yi addu'a ya tafi. Badaru bai ji daɗin kiran da aka yi ba, ya kwana biyu ba ya amsa wa Baraka sai da kai.

Sai da aka yanke gero, hanyoyin gona suka buɗe suka bushe, sannan wata safiya aka ji jaki a ƙofar gida. Maharazu ya rame, shi ma ya sha jinya a tsakani. Ya yi bisimilla ya kwance igiya, ya ɗebe sanduna ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta yi fari tana saɓulewa, ƙafar ta koma kamar ta wani mutum dabam, siririya, an jona ta a jikin ƙato. Tsohon ya bi ƙashin da babban yatsa, ya danna, ya ƙwanƙwasa, fuskarsa ta washe.

“Alhamdu lillahi. Ko tirela ta bi ta nan, ba dai ta karye wurin ga ba.”

Gaskiya ya faɗa. Daga baya hoton asibiti ma ya nuna ƙashin ya haɗe tsaf.

Aka ɗaga Badaru aka zaunar da shi a bakin gado. Ƙafar hagu ta sauka ƙasa. Ta dama ta tsaya a miƙe, tana nuna ƙofa. Ya aika mata ta lanƙwashe, kamar yadda mutum ke yi ba tare da ya san yana yi ba, ba ta amsa ba. Ya sa hannu biyu ya danna. Kamar taɓarya.

“Baba, gwiwar ba ta zuwa.”

“Ni ƙashi nika ɗorawa, ga shi kau na ɗora. Nama shina saki da kanshi. A yi ta shahwa man shanu.”

Aka yi ta shafawa. Aka yi gashi da ruwan zafi da ganye. Ya koyi tafiya da sanda, daga baya ya yar da sandar, yana jefa ƙafar gefe yana jawo ta. Gwiwar dai ba ta zo ba. A masallaci sai ƙarshen sahu, inda zai miƙe ta ba ya tokare kowa. A bayan gida sai da aka gina masa wurin zama da bulo. Mutumin da ya rayu a tsugune, yanzu ko buta ba ya ɗauka daga ƙasa sai ya dafa bango.

A ƙarshe Boyi ya kai shi Sakkwato. Kujerar baya duka aka kama masa a mota, don ƙafar ba ta shiga ta wani hali. A sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta tambayi tsawon kwanciyar, da aka gaya mata ta ajiye alƙalami ta dube su. Ba ta yi faɗa ba. Ta danna cinyar daga sama zuwa ƙasa, ta ce ya taɓa da kansa ya ji. Ta ce naman jiki in ya daɗe ba ya motsi, jan naman yana shanyewa, wani farin zare mai tauri yana tsirowa a tsakaninsa, ya liƙe shi da juna, ya liƙe shi da ƙashi. Tabo ne, irin na ƙuna, amma a ciki. Tabon nan shi ya riƙe gwiwar.

Badaru bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya feɗe shanu kafin ya kama igiya. Ya san ƙafar gurguwar saniya, wadda ta daɗe tana ɗingishi ba ta taka ta: in an buɗe, naman ya koɗe, duk farar jijiya, wuƙa na santsi a kai. Ya dubi Boyi, ya ga shi ma abin da yake gani ke nan.

“Irin wanda mu ka ba masu biki, shi kwana kan wuta,” in ji Boyi. “To likita, dahwa shi za mu yi?”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce da an kwance shi da ƙashi ya kama, aka fara lanƙwasa gwiwar kaɗan-kaɗan, da ba a zo nan ba. Yanzu abin da ya rage shi ne a riƙa tanƙwara ta kullum, da ƙarfi amma da lura, kuma zai ji zafi ƙwarai. Za a iya samun ɗan abu. In bai samu ba akwai aikin tiyata, shi ma ba ta yi alkawari a kai ba. Da Badaru ya gaya mata sana'arsa, sai ta ce a fara dai tukuna.

Ya koma wurinta 'yan lokuta. Hanyar da nisa, ga kujerar baya, ga fargabar masu bindiga da ke tare motoci. Sai aka ce a ci gaba a gida yadda ta nuna. Badaru zai kwanta rub da ciki, Baraka ta danne ƙugunsa, Boyi ya kama dunduniya ya tura. Ranar farko ya cije hula. Rana ta biyu ma. Wata rana Boyi ya ɗan ƙara ƙarfi, sai wata irin ƙara ta fita daga bakin Badaru, wadda shi kansa bai san yana da ita ba. Kafin a ankara matan maƙwabta sun cika tsakar gida da salati, sun zaci rasuwa aka yi. Ya kwanta fuskarsa a matashi yana jin Baraka na ba su haƙuri, tana cewa ba komai, gashi ake yi wa maigidan.

“Ya isa,” ya ce da suka watse.

“Haba jarumi,” in ji Boyi. “Ɗan kukan ga? Ni ban ma ji ba.”

“Sa ya karya ni cikin kasuwa ban yi kuka ba. Ba ni yi cikin gidana mata na saurare.”

Suka bari a kan sai an kwana biyu. A cikin kwana biyun nan Lawwali ya shigo.

Lawwali ɗan gidan 'yan kasuwa ne, waɗanda ke kai atamfa Ƙonni su dawo da shayi da dabino. Rufe iyaka ya tsayar da wannan, sai ya shiga sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake aiko masa daga Kano. Ba macuci ba ne. Shi ma yana sha, yana ba mahaifiyarsa, kuma abin da yake faɗa ya yarda da shi. Ya zauna a zaure ya fito da farar kwalba, ya zazzago ƙwaya a tafin hannu, ja wur, mai santsi kamar idon zakara.

“Yaya Badaru, ka san kwaɗon da anka daɗe ba a buɗe ba? Mi ka hana shi buɗewa?”

“Tsatsa.”

“To jikin mutum ma shina tsatsa, Turawa sun gano. In ka murɗa da ƙarhi, makulli ka karyewa. Mai aka ɗiga mishi, a jira. Wagga ita ce man. An gwada ta ga ƙahwar da anka ɗaure, ina da shi nan cikin waya.”

Maganar ta zauna wa Badaru daram. Ga magani da ba ya buƙatar a danne shi, ba ya tara mata a tsakar gida. A haɗiya, a jira. Jira kuwa ba a taɓa fin shi iyawa ba. Ya sallami Boyi daga aikin tura dunduniya, ya kama ƙwaya da irin riƙon da ya yi wa maganar Maharazu, safe da yamma, ba fashi. Kwalba ta ƙare aka kawo wata. Tumakin Baraka suka fara raguwa a garke, ana sayarwa ana biyan kuɗin kwalba. Wani lokaci yakan kira ta ta duba, ya ce kamar ta ɗan ƙara zuwa. Sai ta duba, ta ce kamar haka ne.

Masu igiya ba su cire shi daga cikinsu ba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce wurinsa na nan, sai ya warke. Da Layya ta matso, kara ta cika ta batse, Badaru ya ce wa Baraka ta ɗauko masa igiyarsa. Ta tsaya riƙe da ita ba ta miƙa ba.

“Maigida, ka bari ka ƙare wagga kwalba.”

“Miƙo.”

A kara an yi murna da ganinsa. Aka yi ta tafawa, ana ga mai ita ya dawo. Abokan aikinsa suka yi shawara da ido, suka nuna masa wani farin sa gudali mai gajeren ƙaho, irin na turke, wanda ya saba da mutane. Badaru ya gane abin da suka yi. Ya warware igiya, ya juya ta sama, ya sake. Ta faɗa a kan ƙahonin kamar an sa da hannu. Aka yi shewa.

San ya fizga. Ba wata fizga ba ce, a da da hannu ɗaya zai tare ta. Jikinsa ya tafi zama kamar yadda ya saba, gwiwar hagu ta lanƙwashe, ta dama ta tsaya kamar turke. Maimakon nauyinsa ya koma baya, sai ya juya a kanta, igiyar ta ɗaga shi gaba. A wannan ƙiftawar ido ya ji inda ƙarfin duka ke taruwa, a cinyar nan, kuma ya san in ya ci gaba da riƙo za a ja shi a ƙasa da miƙaƙƙiyar ƙafa a gaban kowa. Ya buɗe hannuwansa.

San ya yi gaba da igiya tana jan ƙasa, ya ture bencin mai shayi, wasu suka tare shi can wajen awaki. Badaru na tsaye inda yake. Ba wanda ya yi dariya. Boyi, da ya baro rumfarsa don ya zo ya yi masa tsiya, ya fasa. Badaru ya gaya mini daga baya cewa da Boyi ya yi masa tsiyar da ya fi masa sauƙi. Wani ya naɗo igiyar ya kawo masa da hannu biyu.

“Sai ka ƙara jin sauƙi, Badaru. Wurinka na nan.”

Bai sake komawa ba. Boyi ya yi masa tayin benci a rumfar nama, ya zauna ya miƙe ƙafa yana yanka, tunda hannunsa bai manta wuƙa ba. Badaru ya ce sai ya warke. Baraka ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ran Lahadi yana jin kukan shanu da ƙarar tireloli daga zaure, don karar ba ta da nisa da unguwarsu.

Boyi ne ya zo ya same ni bayan na dawo. Ya ce tunda na zauna a garin masu yin abin, in zo in karanta musu kwalbar, in kuma gaya wa wannan jakin gaskiya, shi bakinsa ya gaji. Na je da hantsi. Badaru na zaune a tabarma, ya jingina da bango, ƙafar a miƙe gabansa. Na karanta rubutun duka. Ba inda aka ambaci gwiwa, kuma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce ba magani ba ce ga kowace cuta. Na gaya masa. Na kuma ba shi labarin ɓerayen, na ce su tun ranar ɗauri aka fara ba su, kafin tabon ya kafu, kuma ko a hakan ragewa ya yi. Na ce ban san wani abin haɗiya da ke narkar da tabon da ya riga ya tsufa ba, kuma in akwai sauran abin da za a samu, yana wurin matar nan ta Sakkwato.

Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ɓerayen ne kawai suka ba shi dariya.

“Ashe da ɓera nike, da na warke,” ya ce.

Baraka ta aiko da ruwa a moɗa. Ya karɓi kwalbar daga hannuna, ya zazzago guda, ya yi bisimilla ya haɗiye. Boyi ya yi tsaki ya tashi ya fita. Sannan na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko ya yarda ƙwayar nan tana yi masa wani aiki.

Ya leƙa ƙofar cikin gida ya tabbatar ba kowa, ya rage murya.

“Tun kwalba ta biyu na san ba ta komi. Amma duba, ɗan'uwa. Muddin ana ganina ina sha, majinyaci nike. Baraka na jira, 'yan kara na aje mini wuri. Ran da nib bari, gurgu za a ce. Ban shirya jin shi ba tukuna.”